Inda Keke Ya Tsaya

Darakta ya karanta takardar sau biyu a tsaye, ya juya bayanta ko akwai saura, sannan ya ɗago ya yi wa Malam Gajere irin kallon da ake yi wa dattijon da ya fito da riga a bai-bai.

"Baba, don Allah kar ranka ya ɓaci. Kai ka rubuta wannan?"

"Da wa zai rubuta mini?"

"To ai abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Saurara ka ji." Ya gyara murya. "Mijin ya ce, 'Na dawo ne domin in,' sai ɗigo uku. Matar ta ce, 'Shekara goma sha biyu ina,' sai ɗigo uku. Baba, wannan ai mutum biyu ne ke waya sabis yana ɗaukewa."

Mai kyamara ya sunkuya yana gyaran wayar da ba ta lalace ba, kafaɗunsa suna rawa. Malam Gajere ya gani. Ya kuma ga jarumar fim ɗin zaune a kan akwatin fitilu ta kawar da kai don jin nauyinsa, wannan ma ya fi dariyar yi masa ciwo.

Karo na bakwai ke nan da ya kawo fitowar ƙarshe. An ɗauki komai na fim ɗin an gama. Labarin wani direban babbar mota ne da ya bar gida shekara goma sha biyu ba aike ba saƙo, saura kawai inda zai tsaya a bakin ƙofa gaban matarsa ya buɗe baki. Duka-duka minti uku ne, amma minti ukun nan sun hana mutum talatin komawa gidajensu.

"Jarumin zai yi tafiya jibi, masu gidan nan kuma sun ce mu kwashe kayanmu," in ji Darakta, ya rage murya. "Gobe sha biyun rana zan zo gida da kaina. In akwai, madalla. In babu, wani ya rubuto mini tasa, shafi huɗu, tana cikin jakata. Ba na so, wallahi ba na so, ni da na tashi ina haddace wasanninka. Amma..."

Bai ƙarasa ba. Ko a cikin wannan hali, sai da kunnen Malam Gajere ya lura cewa Darakta ya yanke maganarsa a daidai inda ya kamata, shi da ko alƙalami ba ya riƙewa.

Gajere fa ba gajere ba ne. Dogo ne sambal, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa. 'Yan wasa ne suka laƙa masa sunan tun zamanin da yake rubuta wa rediyo, saboda mutanen cikin wasanninsa ba sa ƙarasa magana. Inda wani marubuci zai ba uwa shafi guda ta yi wa ɗanta nasiha har mai sauraro ya tashi ya sha ruwa ya dawo, uwar da Gajere ya rubuta cewa ta yi kawai, "In ka isa, ka..." sai ta yi shiru, aka ji mota ta tashi. An yi kuka a gidaje da yawa ranar nan, don kowa ya ƙarasa maganar da abin da tasa uwar ta taɓa gaya masa. Daga rediyo ya hau dandamali, daga dandamali ya shiga fim, salon nan yana biye da shi. Matasa da yawa sun kwaikwaya, sai nasu ya fito kamar mai in'ina.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, uwar nan shafi guda cur ya rubuta mata shi ma.

Matarsa tela ce, unguwa duka Mai-keke ake ce mata, shi ma haka yake kiranta in ya so tsokana. Ɗakin ɗinkinta yana jikin ɗakin da yake rubutu, ƙofa a buɗe tsakaninsu. Tun suna sabon aure ya saba karanta abin da ya rubuta da ƙarfi don ya ji yadda zai zauna a baki, ita kuma tana can tana taka kekenta na ƙafa, kar-kar-kar, ba ruwanta. Ranar da yake karanta nasihar uwar nan, yana kaiwa "in ka isa, ka" sai keken ya tsaya cak.

"Malam, yanke nan," ta ce daga ɗakin.

"Ban gama ba."

"Ita ta gama. Uwa ba ta iya ƙarasa wannan, maƙogwaro ne zai shaƙe ta."

Ya yanke don ya nuna mata ba ta san komai ba, sai ga shi ta sani. Daga ranar aikin ya zama haka har shekara talatin da ɗaya. Yana karantawa, tana ɗinki. In keken ya ci gaba da gudu, maganar matacciya ce, sai ya yage. In ya tsaya, to nan ne, sai ya zaro fensir daga bayan kunne ya ja layi, duk abin da ke bayan layin ya tafi kwandon shara. Ba ta taɓa karanta ko shafi ɗaya nasa ba, ta ce rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Sunanta kuwa bai taɓa fitowa a ko'ina ba. An taɓa hira da shi a rediyo aka tambaye shi ina ya samo salon, bawan Allah ya gyara zama ya yi minti goma yana bayani a kan nazarin shiru da zurfin abin da ba a furta ba. Da aka sa hirar yana gida, rediyon na kan tagar ɗakinta. Daga farko har ƙarshe keken bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ya ji, ya kuma gane, amma ya yi kamar bai gane ba.

Wata biyar da suka wuce hawan jini ya buge ta a kan keken, tana cikin ɗinkin wuyan wata riga. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi, kalma ɗaya ta rage mata: "To." A ba ta magani, to. A tambaye ta ina ke ciwo, to. A gaya mata ƙanwarta ta zo, to. Da can Mai-keke tana da "to" kala ashirin, akwai na yarda, akwai na ka ji da shi, akwai wanda in ta yi shi yara ke watsewa. Yanzu bakin ya karkace, duk sun zama iri ɗaya, a miƙe, ba hawa ba sauka. Likita ya ce mai yiwuwa tana fahimtar abin da ake faɗa, mai yiwuwa kuma ba ta fahimta, ba shi da abin da zai auna wannan da shi.

Shi kuwa Gajere, da ya zauna rubuta fitowar ƙarshe ba ƙarar keke, sai ya tarar bai san inda ake yankewa ba. Ya yi ta maza ya yanke inda ya ga dama, aka dawo masa da ita. Har ta kai shi ga ɗebo tsofaffin wasanninsa ya zauna yana ƙirga kalmomi kamar ɗan aji uku, ya gano yawanci a kalma ta biyar ake tsayawa, ya bi maganganun direban da matarsa yana datse kowace a ta biyar. Ita ce takardar da aka yi wa dariya yau.

Da ya dawo gida da yamma ya tarar da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tana shafa wa uwar mai a hannun da ya shanye. Malamar makaranta ce, da 'ya'yanta biyu, amma kullum sai ta biyo kafin ta tafi aiki da bayan ta tashi.

"Sannu da zuwa, Baba. An karɓa?"

"Za a karɓa."

Ta dube shi. Ya zauna a bakin gado yana kallon ƙafafun matarsa da suka leƙo daga ƙarƙashin zane. Ta dama tana kwance kamar ba tata ba. Ta hagu kuwa, ya lura, tana ɗan motsi, dunduniya ƙasa, yatsu sama, yatsu ƙasa, dunduniya sama. Ya daɗe yana kallon ƙafar nan har Auta ta yi masa sallama bai ji ba.

Washegari da Auta ta shigo ƙarfe takwas, ta same shi ya jiƙe da gumi yana jan keken ɗinki ta ƙofar ɗakin kwana, ƙafar keken ta kankare siminti tun daga ɗakin ɗinki.

"Baba! Me ke nan?"

"Kama mini can."

"Ba zan kama ba sai ka gaya mini."

"Ƙafarta ta hagu tana aiki. Zan zaunar da ita ta taka, in karanta mata."

Auta ta ajiye jakarta a hankali. Ita kaɗai a cikin 'ya'yan ta san yadda ake aikin gidan nan, don a gindin keken ta girma tana tsintar ƙyallaye.

"Wato matar da ba ta iya ɗaga cokali, ita za ka ɗora a kan keke don fim ɗinka ya fita? Baba, ka ji tsoron Allah. Shekara talatin tana yi maka aiki ko sannu ba ka ce mata a gaban mutane ba. Yanzu ma da ta kwanta ba za ka bar ta ta huta ba?"

Da a ce wani lokaci ne, da ta sha faɗa. Yau sai ya dafa keken.

"Auta, in keken nan bai tsaya ba, ni na ƙare. Ba ni da wani abu bayan wannan. Kuma in bai tsaya ba, ban san ko ni ne na ƙare ko ita ce ba ta ciki ba. Wata biyar ina mata magana ban san ko da mutum nake yi ba. Ki bar ni in sani."

Auta ta juya wajen gadon. "Mama, kin ji abin da yake so. Kin yarda?"

"To," in ji Mai-keke.

Ba wanda ya san wane "to" ne. Auta ta share ido da gefen mayafi, ta kama ɗaya gefen keken. Suka zaunar da ita a kujera mai hannu, suka tokare ta da matasai, Auta ta ɗora mata ƙafar hagu a kan mataki. Gajere ya ɗiga wa keken mai, ya sa wani tsohon ƙyalle a ƙarƙashin allura ba zare, ya murza abin juyawar da ke saman keken da hannunsa. Matakin ya motsa, ƙafar ta bi shi, ta yi tuntuɓe sau biyu, sannan ta kama. Kar-kar-kar. Ƙarar da gidan bai ji ba wata biyar ta cika ɗakin, Auta ta toshe baki ta fita, ta ce ta makara, alhali ba don haka ta fita ba.

Ya zaro fensir ya saƙala a kunne, ya ɗauko cikakkiyar fitowar, wadda bai datse ba, ya fara karantawa. Direba ya tsaya a ƙofa ya ce ya dawo ne domin ya nemi gafara. Kar-kar-kar. Ya ce duniya ta koya masa hankali. Kar-kar-kar. Matar ta ce shekara goma sha biyu tana jiran wannan rana. Keken ko gezau. Ya karanta har ƙasan shafi yana jan kowace kalma, yana tsayawa a inda yake fatan za ta tsaya, yana leƙenta ta saman takarda. Idonta yana kan allura, ƙafarta tana aikinta.

Ya ɗauko ta biyu. Ya ɗauko ta uku. Ya karanta duka bakwai ɗin, har da wadda aka yi wa dariya. Da ƙafar ta gaji ta sassauta sai ya ɗauka tsayawa ce, sai ta sake kamawa. Ya ba ta ruwa, ya bar ta ta huta, ya sake murza mata. Agogon bango ya nuna goma da rabi.

Daga nan sai ya yi abin da yake tsoro tun safe. Ya buɗe akwati ya ɗauko tsohon wasan nan na rediyo, takardar ta yi ja don tsufa, layin fensir yana nan inda ya ja shi shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Wannan dai ba a tababa a kansa. In tana ji, a nan za ta tsaya. Ya karanta a hankali, ya kawo "in ka isa, ka," ya yi shiru, ya riƙe numfashi.

Kar-kar-kar-kar.

Takardar ta sulluɓe daga hannunsa. Wato ƙafa ce kawai. Ƙafa ce ta tuna aikinta, kamar yadda kaza ke ci gaba da motsi bayan an yanka ta, mai ƙafar ba ta nan. Duk surutun da ya yi mata wata biyar, labarin jikoki, gulmar maƙwabta, ba'ar da yake yi don ta yi dariya, ashe bango yake yi wa. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokaci ba, ga ta kuma a gabansa, ana iya taɓa ta.

Ya zauna a ƙasa kusa da matakin keken, dogon mutum ya naɗe kamar tabarma. Ya dafa goshi a jikin ƙarfen. Tun da ba mai ji, sai ya saki baki.

Bai taɓa magana irin wannan ba. Shi mutum ne da ko gaisuwa zai yi sai kunnensa ya tsaya a gefe yana auna ta, ko za ta yi amfani a wasa. Yau kunnen ya tafi hutu. Ya yi maganar hirar rediyon nan, ya ce ya ji keken bai tsaya ba kuma ya san dalili. Ya yi maganar sunanta da ya sha niyyar sawa yana fasawa, don tsoron kar a ce ashe ba shi ba ne. Ya yi maganar wata riga da ta ɗinka masa ranar da aka fara nuna wasansa a dandamali, wadda ya ce ta yi masa yawa ya ƙi sawa. Ya haɗa na jiya da na shekara ashirin, yana yi yana jan hanci, wata maganar ba kai ba gindi. Yana cikin wata jimla, ya ɗauko ta ya kai tsakiya, sai wani abu ya tokare masa maƙogwaro ta ƙi wucewa.

Sai ya ji ɗakin ya yi tsit.

Ya ɗago kai. Ƙafar tana kan mataki, ta danne shi da dunduniya, danna irin ta gangan, yadda take yi tun suna sabon aure. Ba gajiya ba ce. Mai-keke ta bar kallon allura, shi take kallo, idon nan nata na dā, na mai awo da ta ga inda riga ta karkace. Hawaye yana bin gefen fuskarta mai lafiya.

"Kina ji," ya ce. "Mai-keke, kina ji! Tun ɗazu kina ji!"

Sai a lokacin ya tuna ba ta taɓa tsayawa sau biyu a kan magana ɗaya ba. Abin da aka riga aka yanke an yanke, ita ba ta maimaita aiki. Sauran bakwai ɗin kuwa, gaskiyarta, ba abin tsayawa a cikinsu.

A waje mota ta tsaya, aka danna ham sau ɗaya, na ladabi. Sha biyu saura minti biyar, Darakta bai iya makara ba.

Hannun Gajere ya riga shi zuwa bayan kunne. Halin shekara talatin ne: keke ya tsaya, a ja layi. Ga maganar da direba zai faɗa a bakin ƙofa, ga inda za ta yanke, Allah ya kawo a kan gaɓa. Ya jawo takarda ya juya bayanta, ya ɗora fensir.

Fensirin ya tsaya a wuri ɗaya. Ya san ya yi maganar riga. Ya san ya yi maganar suna. Amma jimlar ƙarshen nan, wadda ta shaƙe shi, da me ta fara? A kan me ma take? Ya lalubi kansa ya ji wayam. Sau ɗaya a rayuwarsa ya yi magana bai saurari kansa ba, kuma ita ce aka tsaya wa.

"Me na ce?" Ya matso da gwiwa. "Mai-keke, me na ce yanzun nan? Na ƙarshen. Don girman Allah, kalmar farko kawai."

Ta dubi fensirin, ta dube shi.

Aka sake danna ham, wannan karon ya ɗan fi tsawo.

"Ko da ido ne ki nuna mini. Maganar riga ce? Ta suna? Na ce 'da na sani'? Ba haka na ce ba ko? Mai-keke, mutumin yana waje!"

Gefen bakinta mai lafiya ya ɗan ɗaga.

"To," ta ce.

Wannan kam ya ji shi, da hawansa da saukarsa. Shi ne wanda take yi wa mai kawo ɗinki in ya ga wani yadi a rataye ya nace sai an sayar masa, alhali ta riga ta ware shi don kanta. Wannan nawa ne, malam, nemi wani.

Ya daɗe a durƙushe da fensir a hannu. Ya ji an buɗe ƙofar mota, an zo an ƙwanƙwasa ƙofar gida, an kira "Baba" sau uku, an jira. Yana iya tashi ya ƙirƙiro wani abu a tsaye, ya san kuma abin da zai fito. Ya ji takun ya koma, ƙofar mota ta rufu. Shafi huɗun nan na cikin jaka za a ɗauka yau, da sunan Gajere a kai, direba zai yi jawabi har ya gaji.

Ƙafar Mai-keke ta saki matakin tana neman tashinsa, ya ƙi tashi, don sai an murza daga sama, hannun murzawar kuma shi ne ya shanye. Ta gwada sau biyu. Gajere ya ajiye fensirin a ƙasa, ya miƙa hannu ya murza mata, sannan ya kama bakin ƙyallen ta baya yana ja a hankali don kar ya tattare.